Kujeru Biyu a Layi Ɗaya

Rebecca tana ɗakin malamai tana duba takardun lissafi na 'yan aji biyar lokacin da tikitin ya shigo wayarta. Ƙaninta Josiah ne ya turo daga Kanada, da ɗan saƙo a ƙarƙashi: "Yaya, an gama. Baba da Mama za su tashi daga Abuja ranar sha tara ga wata."

Ta ajiye jan biro ta buɗe takardar.

Josiah injiniya ne, aikinsa kuma na yawo, rabin shekara a jirgin sama yake cinye ta. Kamfanin jirgin da yake hawa yana rubuta masa maki a kan kowace tafiya, in makin ya taru sai mutum ya musanya shi da tikiti. Shekara shida yana tarawa bai taɓa ko ɗaya ba. Da matarsa Purity ta haihu, bayan shekara takwas suna jira, sai ya kwashe makin kaf ya karɓi tikiti biyu, domin iyayensa su je su ga jikarsu, su kuma tsaya a coci ranar da za a miƙa ta ga Allah.

Rebecca ta bi takardar layi-layi kamar yadda take bin aikin ɗalibi. Irimiya, daidai. Alisabatu, daidai. Awa biyar daga Abuja, su sauka su canja jirgi, sannan awa goma sha huɗu a sama ba tsayawa. A gefen kowane suna akwai gurbin lambar kujera, kuma babu komai a ciki.

Ta jira har ƙarfe uku, lokacin da ta san gari ya waye a can, sannan ta kira shi.

"Sannu da ƙoƙari, Josiah. Allah ya saka. Ina kujerunsu?"

"Za a ba su a filin jirgi, Yaya."

"Tare?"

"Galibi tare ake ba mata da miji. Na gwada zaɓa musu, shafin ya ƙi. Kin ga, kamfanin da nake tara makin ba ya zuwa Abuja. Wani kamfani ne da suke haɗin gwiwa da shi zai ɗauke su. Namu ya ba da tikitin, jirgin kuma na wancan ne. In ma an raba su, sai su roƙi wani fasinja ya canja da su. Kullum ana yi."

"Baba ne zai roƙi wani?"

Josiah ya ce, "Ƙaramin abu ne fa, Yaya."

Ba ta yi masa gardama ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Rabon Josiah da gida shekara shida, kuma shekara biyu ke nan da ɓarin jikin Baba na hagu ya shanye. Ya samu sauƙi, yana tafiya da sanda yana jan ƙafa, amma hannun hagu ba ya riƙe komai. Duk ranar da za a yi magana ta bidiyo, Baba yakan sa a sanya masa riga mai guga, ya zauna ɗoɗar, ya ɓoye hannun a ƙarƙashin tebur. Abin da Josiah yake gani ke nan. Rebecca kuwa tana Bosso, duk Asabar tana gidan iyayenta a Maikunkele, ta san abin da waya ba ta nunawa. Ta san Mama ba ta taɓa zama sai a hagun Baba. Daga nan take yayyaga masa nama, ta buɗe masa gorar ruwa, ta ɓalle masa maɓalli, duk tana hira da baƙi, babu mai lura. Ta kuma san mahaifinta. In aka zaunar da shi tsakanin baƙi biyu, zai yi awa goma sha huɗu bai sha ruwa ba, don kada fitsari ya kama shi ya ce wa wani ya tashi ya kama shi.

Saura kwana goma sha shida. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Da ta koma gida ta buɗe kwamfuta, ta shiga shafin kamfanin da ya ba da tikitin, ta rubuta lambar tafiya mai haruffa shida da ke saman takardar. Sunayen iyayenta suka fito. Ta danna wurin zaɓen kujera, aka ce ba nasu ne jirgin ba, ta tuntuɓi masu jirgin. Ta shiga shafin masu jirgin, ta rubuta haruffan nan shida. Aka ce ba a san wannan lamba ba. Ta sake rubutawa a hankali, harafi bayan harafi. Ba a san ta ba.

Washegari a lokacin hutun tara ta kira ofishin masu jirgin na Abuja. Wani kiɗa ya yi ta kaɗawa a kunnenta har aka buga ƙararrawar komawa aji. Da aka tashi ta sake kira. Wata mata mai ladabi ta ɗauka, ta nemi lambar, ta ce ba ta ga komai ba, ta ce tunda da maki aka karɓi tikitin, sai ta koma wurin waɗanda suka ba da shi. Ta kira waɗancan a ƙasar waje, bayan doguwar jira wani ya gaya mata kujerun jirgin wani kamfani ba a hannunsu suke ba. Kwana uku tana kai gwauro tana kai mari tsakanin kamfanoni biyu, kowa yana nuna mata ƙofar ɗan'uwansa.

Ranar Alhamis ta ce zuwa da kai ya fi saƙo. Ta hau keke Napep zuwa Kasuwar Kure, ta wuce layin 'yan hatsi inda rumfar Mama take ba tare da ta leƙa ba, ta haura wani bene da ke bakin titi. A nan Hajiya Kafayatu take da ofishi, tana yankar wa masu Umara da ɗalibai tikiti. 'Yarta ta taɓa zama ajin Rebecca.

"Malama, yau ke ce a wurinmu? Zauna, zauna."

Rebecca ta miƙa mata takardar ta yi bayani. Hajiya Kafayatu ta gyara tabarau, ta duba sama ta duba ƙasa.

"Ba ni na yanka ba, don haka ba zan iya taɓa shi daga nan ba," ta ce. "Amma zan gaya miki inda gizo ke saƙa. Tikitin nan gida biyu gare shi, kowane gida kuma da sunan da yake kiransa. Wannan lamba da kike riƙe da ita ta masu makin ce. Masu jirgin suna da tasu daban, haruffa shida su ma, ba a buga ta a nan ba. In ba ki kira shi da sunan da suka san shi ba, za su ce ba su taɓa jin labarinsa ba."

"A ina zan samo ta?"

"A wurin masu makin. Amma ke ba za su ba ki ba, mai makin za su ba. Ɗan'uwanki ya kira su. Kada ya ce yana son kujera, in ya faɗi haka za su sake tura shi can. Ya ce kawai yana son lambar da ɗaya kamfanin ya san tafiyar da ita."

Rebecca ta rubuta maganar a bayan takardar yadda Hajiya ta faɗe ta. Tun tana kan matakalar benen ta tura wa Josiah.

Ya ce zai kira. Juma'a ta wuce bai kira ba, yana wurin aiki a wani gari. Ta tuna masa da safe, ta tuna masa da yamma. Ranar Asabar da hantsi, kafin ta kama hanyar Maikunkele, ta ga saƙonsa: haruffa shida, da "Yaya, kin fi shugaban aikina matsa wa mutum."

Ta zauna a bakin gado ta rubuta sabuwar lambar a shafin masu jirgin. Nan take ya buɗe. Ga sunan Baba, ga na Mama, ga zanen cikin jirgin, kujeru uku-uku a sahu uku, da hanya biyu a tsakani. Murnarta ba ta daɗe ba. Na'ura ta riga ta raba musu wuri. A jirgin farko suna kusa, layi ɗaya ne tsakaninsu. A na biyu, mai awa goma sha huɗu, Baba yana layi na ashirin da uku, a tsakiyar sahun tsakiya, mutum a dama mutum a hagu. Mama tana layi na arba'in da ɗaya. Ta bi zanen daga gaba har baya. Kujerun da suka rage duk ɗai-ɗai ne a warwatse. Sai wasu 'yan layuka a gaba da aka shafe da toka-toka, in ta danna ba sa motsi.

Ta kira Hajiya Kafayatu.

"Waɗannan ba a sayar ba, rufe su aka yi," in ji Hajiya. "Suna ajiye su ne don masu jarirai da masu buƙatar taimako. Ba mahaifinki ne kika ce jikinsa ya taɓa shanyewa ba? To ki nemar masa keken marasa lafiya a filin jirgi. Akwai sashen da ke kula da wannan. Da zarar sun rubuta shi, su da kansu za su buɗe masa kujera, da ta mai rakiyarsa a gefensa. Haƙƙinsa ne, ba alfarma ba."

Rebecca ta yi godiya ta kashe wayar. Ta san ta gama da kamfanoni, saura babban aikin.

Ta same shi a gindin mangwaron tsakar gida yana sauraren rediyo, Mama tana hagunsa tana ɓarar agushi. Shekara talatin da ɗaya Baba Irimiya ya yi yana duba tikiti a jirgin ƙasa, har yau tsofaffin Minna Baba Reluwe suke kiransa. Bayan gaisuwa ta kwashe labarin ta gaya masa, daga lambar farko har ta biyu. Labarin ya yi masa daɗi. Ya rage muryar rediyon, ya ce a zamaninsu ma in kaya suka bi layi biyu takarda biyu ake yi musu. Sai ta zo kan maganar keke.

Fuskarsa ta canja.

"Keken guragu."

"Keken marasa lafiya, Baba. Daga ƙofar filin zuwa—"

"Na san shi. Na hau shi a asibiti lokacin da ban san inda kaina yake ba. Yanzu na sani." Ya ɗaga sandarsa ya dangwara ta a ƙasa. "Shekara talatin da ɗaya ina tsallaka tarago zuwa tarago jirgi yana gudu, ban taɓa dafa kafaɗar kowa ba. Wata goma na yi ina koyon tafiya a tsakar gidan nan kamar jariri. Ba don a tura ni a gaban jama'a na sha wannan wahalar ba. A bar ni inda suka sa ni."

"Awa goma sha huɗu ne, Baba."

"Na ji. Kano zuwa Ikko ya fi haka."

Ya mayar da muryar rediyon. Mama ba ta ɗago daga kan agushinta ba.

A hanyar komawa Bosso ta kira Josiah ta gaya masa. Wannan karon bai ce ƙaramin abu ba ne. Ya tambaye ta yadda hannun yake da gaske, ta faɗa masa ba ragi: cokali ba ya zama a ciki, ledar biskit ma ba ya iya yagewa.

"To ki rubuta masa keken kawai," in ji Josiah. "Lambar tana hannunki. Ba zai sani ba sai a filin jirgi."

"In suka turo keken a gaban mutane bai san da zancen ba, zai juya ya ce a mayar da shi Minna. Ka san zai yi. Kuma ni ce zan ci gaba da zuwa gidan nan duk Asabar ina kallon idonsa."

"To yaya za ki yi?"

"Zan koma gobe."

Da yamma ta biya shagon buga takardu a bakin titin Bosso, ta sa aka buga mata zanen jirgin da girma a kan takarda huɗu. Ta liƙa su a jikin kwali kamar abin da take koyarwa da shi a aji. Ta zagaye kujerar Baba da jan biro, ta zagaye ta Mama, ta sa alama a inda bayi yake.

Lahadi bayan an taso daga coci ta shimfiɗa kwalin a kan tebur a gabansa. Ba ta ambaci keke ba.

"Baba, ka fi ni sanin irin wannan. Duba mini."

Ya so ya ƙi, amma idonsa ya riga ya faɗa kan zanen. Ya jawo kwalin da hannun dama. Ya ɗora yatsa a kan kujerarsa, ya dubi ta dama da ta hagu. Sannan ya fara ƙidaya layuka zuwa baya, leɓensa yana motsi. Ya kai kan ta Mama ya tsaya.

"Goma sha takwas," ya ce.

"Goma sha takwas. Kuma in suna rabon abinci, amalankensu yana tare hanya, ba mai wucewa. Abincin a rufe yake zuwa, kowane abu da ledarsa da murfinsa."

"Sai in ci abin da na iya buɗewa." Ya ture kwalin kaɗan. "Zan iya, Rebecca."

"Kai za ka iya," in ji Mama. "Ni ce ba zan iya ba."

Duka suka juya. Ta ajiye farantin agushin a ƙasa, ta kakkaɓe zaninta.

"Tun ranar da yaron nan ya turo takardar ban yi barci mai kyau ba. Ban faɗa ba ne kawai. Ni ko lilon Kirsimeti ban taɓa yarda na hau ba. Yanzu a ɗaga ni sama, a ajiye ni tsakanin mutanen da ban san yarensu ba. In suka yi magana a lasifika, wa zai gaya mini abin da suka ce? In abin ya girgiza, wa zan kama? Shekara arba'in da huɗu, ko motar Kagara muka shiga a gefenka nake zama." Ta dubi 'yarta. "Rebecca, in keke ne zai sa su haɗa mu, rubuta sunana. Gwiwata ma ai ba lafiya ce da ita ba. A tura ni, ban damu da wanda zai kalle ni ba."

"Ke da kike jan buhun gero a kasuwa," in ji Baba.

"Ina ja ina jin zafi. Ba na faɗa."

"A tura ki a keke, ni ina bin ki a baya da sanda ina jan ƙafa. Mutane su ce me?"

"Su ce abin da suka ga dama. Ba za mu sake ganinsu ba."

Baba ya dafa tebur ya miƙe, ya ɗauki sandarsa ya shige ɗaki. Rebecca ta kai hannu za ta naɗe kwalin, Mama ta ce ta bar shi nan.

"Mama, da gaske tsoro kike ji, ko don shi kika faɗa?"

"Duka biyun," in ji Mama, ta ɗauki farantinta.

Litinin da safe, tana tsaye gaban allo tana rubutu, wayarta ta yi motsi a aljihu. Baba ne. Bai saba kiranta ba, kullum Mama ce ke kira ta miƙa masa. Ta ba yara aiki ta fita baranda.

"Ina kwana, Baba. Lafiya?"

"Lafiya. Ki rubuta sunana." Ta ji yana numfashi. "Amma ki gaya musu daga ƙofar filin zuwa bakin jirgi kawai. Cikin jirgin da ƙafata zan shiga, da ƙafata zan kai kaina kujera."

"To, Baba."

"Kuma duk abin da suka ce sun ba ki, su ba ki a rubuce. Na yi aikin nan. Abin da aka faɗa da baki ba ya hawa jirgi."

Ana tashi daga makaranta ta zauna a ajin da ba kowa, ta ajiye sabuwar lambar a gabanta da hoton zanen a waya, ta kira sashen masu buƙatar taimako. Wani saurayi mai suna Amir ya ɗauka. Ta ba shi lambar, nan da nan ya ga tafiyar. Ya tambaya ko fasinjan yana iya hawa matakala, ko yana iya kai kansa kujera. Ta ce yana iyawa a hankali, doguwar tafiya ce ba ya iyawa. Ta ji ƙarar madannan kwamfuta.

"An rubuta keke a Abuja, da inda za su canja jirgi, da inda za su sauka. Kujeru kuma, a babban jirgin ina da layi na goma sha biyu, D da E. Baba a bakin hanya, Mama kusa da shi."

Rebecca ta buɗe baki za ta yi godiya, sai ta dubi zanen. Ta juya wayar kamar ita ce ke zaune tana fuskantar gaba. Mai zama a D hanya tana hagunsa, E tana damansa.

"Ɗan dakata. Wannan ba zai yi ba."

"Suna tare fa, Madam."

"Suna tare, amma ta ɓangaren da ba shi ba ne. Hagunsa ne ya shanye. Dole ta zauna a hagunsa, ita ce hannunsa na can. Damansa kuma ya fuskanci hanya, da shi zai dafa ya tashi. In ka sa shi a D, hannun da ba ya ji ne zai rataya a hanya, amalanke ya buge shi bai sani ba. Ina son B da C, shi a C. Ko E da F, shi a F."

Amir ya koma kan madannai.

"F an ba mai jariri. B da C na layi na goma sha huɗu a rufe suke, sai shugabata ta sa hannu. Ba ta kan kujerarta yanzu. Ki karɓi waɗannan, daga baya a duba."

"Ka riƙe mini waɗannan kada su tafi, amma zan jira ta."

"Zai iya ɗaukar lokaci."

"Malamar makaranta ce ni. Na iya jira."

Ta ji ya yi 'yar dariya, sannan kiɗan nan ya dawo. Ta ajiye wayar a kan tebur ta jawo sauran takardun 'yan aji biyar. Ta duba goma sha ɗaya kafin muryarsa ta dawo.

"Madam, kina nan? Goma sha huɗu B, Alisabatu. Goma sha huɗu C, Irimiya. A ƙaramin jirgin ma na mayar da su B da C. Na dawowa kuma haka, tunda ina ciki."

"Allah ya yi maka albarka. Ka turo mini a rubuce ta imel, yanzu, ina kan layi."

Ba ta kashe wayar ba sai da saƙon ya shigo ta karanta shi sau biyu. Ta buga kwafi uku. Ɗaya a jakar Mama, ɗaya a aljihun rigar da Baba zai sa, ɗaya a wurinta. Daga ranar kuma kullum da safe kafin ta fita sai ta buɗe shafin ta tabbatar kujerun suna nan, don Hajiya Kafayatu ta ce in aka canja jirgi wani lokaci na'ura takan watsa komai. Ba a canja ba.

Ranar sha tara suka bar Minna da sassafe a motar haya, suka isa filin jirgin Abuja kafin sha ɗaya. A wurin auna kaya ma'aikaciyar ta duba fasfo, ta miƙo katunan shiga jirgi. Baba ne ya karɓa. Ya ɗaga su daidai idonsa, ya karanta ɗaya bayan ɗaya, ya kwatanta da takardar da ke aljihunsa, sannan ya gyaɗa kai ya ba Mama ta adana.

Sai ga wata ma'aikaciya ta turo keken. Baba ya dubi keken na ɗan lokaci. Ya dubi dogon zauren da ke gabansu, da jama'ar da ke ta sauri da akwatuna. Ya miƙa wa Mama sandarsa, ya dafa hannun keken da damansa, ya zauna da kansa. Ya gyara hularsa.

"'Yata, kada ki yi gudu," ya ce wa mai turawar. "Matata tana da ciwon gwiwa."

Rebecca ta durƙusa ta yi musu sallama. Mama ta zare makullin rumfarta daga bakin zani ta danƙa mata, ta ce Charity mai rumfar kusa za ta riƙa buɗewa a ranakun aiki, amma Asabar ta Rebecca ce, kada a bar masu sayen gero su saba da wani wuri. Daga nan suka shiga inda ba a barin mai rakiya. Ta tsaya har hular Baba ta ɓace a cikin mutane.

Washegari da yamma saƙon murya ya shigo daga wayar Josiah. Muryar Mama ce, ta dushe don gajiya, ana jin kukan jaririya a bayanta.

"Mun sauka lafiya. Abincinsu babu yaji ko kaɗan, amma babanki ya cinye nasa har da rabin nawa. Sau huɗu ya tashi ya je bayi da ƙafarsa. Wadda ta zauna a taga 'yar Bida ce, ɗanta take zuwa gani, mun yi ta hira har na manta a sama nake. Da jirgin ya girgiza kuwa shi ne ya riƙe ni, kada ya ce miki wani abu daban. Ga jaririyar nan, Shekinah, a cinyarsa, ya hana kowa ɗauka. Josiah ya ga hannun. Ya fita waje ya daɗe, sannan ya dawo ya zauna yana matsa masa shi."

Rebecca ta saurari saƙon a tsaye a kicin, ta sake saurara. Ranar Asabar ƙarfe bakwai tana Kasuwar Kure. Ta buɗe rumfar, ta share gabanta, ta kwance bakin buhunan gero da dawa. Wata tsohuwa ta tsaya da kwandonta, ta leƙa ciki tana neman mai rumfar.

"Ina Maman Rebecca?"

"Ta yi tafiya, Inna. Ni ce Rebeccar. Mudu nawa za a auna miki?"